Karen gida da namun dajin da ke zagayo mana da hunturu

Daga Edmonton, Kanada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni ganin irin wannan. Gidanmu yana bakin kwarin kogin da ya ratsa gari, kuma tun da dusar ƙanƙara ta sauka karenmu Duna ya daina barci. Da safe sai mu tarar da sawu a jere a gindin shinge, na zomo da na koyot, wato dilan ƙasar nan, wanda ya fi namu na gida girma. Shekaranjiya 'yata ta fita zubar da shara bayan magariba, sai Duna ya sha gabanta, gashin bayansa a tsaye, yana gurnani, ya hana ta ƙara taku. Ina haska fitila sai ga idanu biyu a bayan shinge. Maƙwabcina ya ce in riƙa barinsa waje da dare ya kore su, amma hankalina bai kwanta da hakan ba.

Daga Calgary, Kanada:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka bar shi ya kwana waje. Daga Janairu zuwa Maris lokacin barbarar koyot ne, kuma a idonsu kare abokin gaba ne da ya shigo musu yanki. Shinge ma ba ya tsare su, suna haura wanda ya kai tsayin mutum. Abin da ke jawo su abinci ne. A layinmu akwai masu rataya wa tsuntsaye hatsi, tsabar ta zube ƙasa, ɓeraye su taru, koyot ya biyo ɓera. Da aka sauke waɗannan kwanonin, aka tsince tuffan da ya zube, aka daina ajiye abincin kare a waje, sawun ya ragu sosai. In kun yi kiciɓis kada ka juya da gudu. Ka ɗaga hannuwa, ka daka tsawa, ka riƙe igiyar karenka gam. In ka ga ya daina tsoron mutane, ka kira 311 ka sanar da hukumar gari.

Daga Minnesota, Amurka:
Mu a nan barewa ce baƙuwarmu. Sukan zo su biyar ko shida da sanyin asuba suna gaigayar itacen shinge, tururi yana fita daga hancinsu. Tausayinsu nake ji, domin duk hunturu kitsen jikinsu suke ci. Idan saman ƙanƙara ya daskare, kare yana gudu a kai ba ya nutsewa, ita kuwa kofatonta burmawa yake yi, ga shi yawancin matan suna ɗauke da ciki. Ko bai kama ta ba, gudun kaɗai yana iya karya ta. Dokar jihar nan ta hana kare korar barewa, mai shi zai biya tara, jami'in kula da namun daji ma yana da ikon harbe karen. Nawa daga taga yake haushinsa.

Daga Alkaleri, Bauchi:
'Ya'yana, mu ba mu da ƙanƙara amma zancen ɗaya ne. Da hunturu ya kama, aka fara ƙona daji, ruwa ya janye, sai dila da muzuru da tunku su yo cikin ƙauye, akurki suke nema da 'yan awaki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a bakin turke yake ɗaure kare da dare. A wurinsa aikin kare ya tashe mu ne, sauran aikin na masu sanda da tocila ne. Na taɓa ganin karen maƙwabta ya tsallake danga ya bi beguwa, ya dawo fuska duk ƙaya, ido ɗaya ya tsiyaye. Karen da ya sha gaban yarinya ya tsaya a nan bai bi dabba cikin duhu ba, kare ne mai hankali. Ka riƙe shi da kyau, Malam.

Daga Zariya, likitan dabbobi:
Baba ya taɓo wurin. Beguwa ma akwai ta a Kanada, kuma ƙayarta tana da ƙananan ƙugiyoyi, kullum ƙara shigewa take. Kada a datse ta ko a tsaya fizga a gida, a kai shi asibiti a sa masa barci a cire. Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. A yi wa kare rigakafi a kan lokaci, mu nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar. In dabba ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti ranar. Ku na Alberta kuma, wato lardin da Edmonton da Calgary suke, ku kula da kashin koyot, yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa mai lalata hantar mutum. Ku kwashe shi da safar hannu, ku hana Duna cin ɓera, ku tambayi likitansa maganin tsutsar da ya dace.