Neman shawara: ɗalibaina na son gasar kutse, mai shago ya ce ba a wurinsa ba

Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a wata 'yar cibiya a Samaru, Zariya, yawancin ɗalibaina 'yan ABU ne da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Sun matsa in shirya musu gasar tsaron intanet irin ta CTF, inda ake ɓoye wasu haruffa cikin manhaja ko fayil, wanda ya tono ya ci maki. Kuɗin data ya fi ƙarfina, ga mai shagon da nake haya ya ce ba za a horar da 'yan yahoo a gininsa ba. Ta ina zan ɓullo?

Ɗan'uwa daga Kongo, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Data ba dole ba ce. Ɗora manhajar CTFd a laptop ɗaya, kyauta ce, ita ke karɓar amsa tana lissafa maki. Haɗa ta da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, kowa ya shigo ta Wi-Fi. Ka ƙara da OWASP Juice Shop, kantin intanet ne na bogi da aka cika da ɓaraka da gangan. Kali Linux kuma, tsarin kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin tsaro, ka raba musu a filas tun ana saura mako, in ba haka ba rabin yinin a ɗora shi kan kwamfutoci zai ƙare.

Malama daga Tudun Wada:
Ni dai ban ga laifin mai shago ba. A dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, shiga kwamfutar wani ba izini na iya zama laifi. Yaro ya koyi abu da safe, da dare sai ya gwada a shafin makarantarsu. Rubuta takarda: ga adireshin IP ɗin da aka yarda a taɓa, wato lambar kwamfutar gasar, kowa ya sa hannu. Kai wa Alhaji mai shago kwafi, ka roƙe shi ya zo ya miƙa kyauta.

Wani tsohon ɗan gasa:
Kada ka burge kanka da tambayoyi masu wuya, Malam. Awa biyu ba maki, yara za su koma TikTok. Duba tsoffin tambayoyin picoCTF, jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fara ta a 2013 don 'yan sakandare. Fara da warware base64, wata hanyar sauya rubutu zuwa haruffa da lambobi, sai tsamo kalmar sirri da Wireshark, manhajar leƙa bayanan da ke wucewa tsakanin kwamfutoci. Bayan La'asar duk ƙungiyar da ta warware tambaya ta fito gaban allo ta nuna yadda ta yi. Waɗanda suka kasa a nan suke koyo.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Takardar zan fara kai wa Alhaji. Wa ke da rautar da za ta ɗauki mutum 30 ya ara mini ranar Asabar?