Don Allah meye amfanin famenteshan tunda ba ya ƙara ATP ko ɗaya?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya san bayoloji ya warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya. Na gane ƙwayar halitta tana fasa sukarin gulukos ta samu ATP, wato sinadarin da ke ba ta kuzarin aiki, in akwai oksijin ta samu da yawa, in babu sai ta koma famenteshan ta samu 2 kacal. To amma da na duba zanen sosai sai na ga ashe 2 ɗin nan ma tun a gilaikolisis, wato matakin farko da ake fasa gulukos ya zama fairubet, aka same su, kenan matakin maida fairubet ya zama laktet ko barasa bai kawo komai ba, to me yasa ƙwayar take yinsa? Sannan littafina ya ce ATP 38, wani wurin kuma na ga 30, wanne zan riƙe?

Malamin_Bayoloji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don daidai nan ne ɗalibai ke haddacewa su wuce ba su gane ba. Ka gani daidai, famenteshan ba ya kawo ATP, NAD+ yake dawo da shi.

Ka ɗauki NAD+ kamar 'yan dako ne kuma ba su da yawa a cikin ƙwayar. Duk sanda gilaikolisis ya raba gulukos mai kabon 6 ya zama fairubet biyu masu kabon 3, sai ya ɗora wa NAD+ guda 2 lantarki (ilektiron nake nufi) su koma NADH, wato sun ɗau kaya. In da oksijin sai a sauke kayan a mitokondiriya, wato sashen ƙwayar da ke ƙera yawancin ATP, lantarkin ya bi jerin sunadaran da ke jikin bangon ciki yana tura haidurojin waje, haidurojin ɗin ya dawo ta wani inzayim (sunadarin da ke hanzarta aiki a ƙwaya) da ke juyawa kamar injin yana ƙera ATP, a can ƙarshe oksijin ya karɓi lantarkin ya zama ruwa. To in oksijin ya yanke fa? Babu mai karɓa a ƙarshen layi, kowa ya tsaya da kayansa a ka, babu ɗan dako ko ɗaya da hannunsa ke sake, sai gilaikolisis ɗin ma ya tsaya cak, 2 ɗin da kake rainawa ma a rasa su. Shi ne ƙwayar take cewa to a jibge wa fairubet kayan, ya zama laktet, NAD+ ya samu kansa ya koma bakin aiki.

Batun 38 kuwa lissafin da ne. Daga baya aka auna aka ga ana asarar wani abu wajen shigo da kaya cikin mitokondiriya, shi yasa sabbin littattafai ke cewa 30 zuwa 32. A jarrabawa ka bi littafin da aka koyar da ku, amma ka san na biyun ya fi kusa da gaskiya.

'Yar_Lab:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ɗan ƙari kawai, jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da mitokondiriya sam, su da ke dakon oksijin ɗin ba sa taɓa shi, da wannan hanyar ta laktet suke rayuwa kullum. Kuma laktet ba shara ba ne, jini yana kai shi hanta ta sake maida shi gulukos, zuciya ma tana ƙona shi. Yis kuma tasa hanyar daban, yana fara cire kabon dayoksaid daga fairubet sannan ya sauke lantarkin a samu barasa, iskar ce ke sa ƙullin burodi ya kumbura. Louis Pasteur ne ya nuna halittu masu rai ke wannan aikin, sai a 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace ruwansa, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki amma ya ci gaba da juya sukari, nan aka gane inzayim ne ke yi.

Mai_Neman_Sani:
Kai na gode Malam, na gode Anti, yanzu kam ya zauna. Kenan laktet ɗin ne ke sa cinyoyina ciwo kwana biyu bayan na yi gudu?

'Yar_Lab:
A'a ƙanena, mutane da yawa na faɗin haka amma ba shi ba ne, laktet yana barin tsoka cikin kamar awa ɗaya bayan ka huta. Ciwon da ke zuwa washegari daga 'yan ƙananan raunukan da zaren tsoka ya samu ne da kumburin da ke biyo baya, musamman in ka yi gudu a gangara ko ka daɗe ba ka motsa jiki ba.