Adda ta ce ɗanyen kifi ba na miyar ganye ba ne

Adda: Jiya a gidan suna aka kawo mana miyar alayyahu da ɗanyar tarwaɗa. Tsokar duk ta narke, ƙaya ce kawai ke yawo a kwano, ga ƙarni. Na faɗa na kuma: miyar ganye ta banda ce. Mai sa ɗanye asarar kuɗi take yi.

Amarya: Adda, ki yi haƙuri, amma laifin mai riƙe da ludayi ne. Tarwaɗa ba a juya ta. Sai tattasai da attaruhu da albasa sun soyu a manja, daddawa ta kama, sannan a jera gunduwa-gunduwa a rufe. In za ki motsa, tukunyar za ki ɗaga ki girgiza. Alayyahu a ƙarshe, ya ɗan risina a sauke.

Adda: Ƙarnin fa?

Amarya: Ruwan zafi nake kwara mata, yauƙin ya daskare ya yi fari, in kankare da wuƙa, in bi da gishiri da lemon tsami.

Hamma: Ku bar batun wanki. Wace tarwaɗar ma? Ta kiwo da aka ɗura wa abinci wata biyar, duk kitse, ko wadda aka kamo da asuba a Dadin Kowa? Tun 1984 da aka gama dam ɗin nan a kan Kogin Gongola muke cin kifinsa a Gombe, ban taɓa jin ya watse a miya ba.

Adda: Hamma, kai da sai dai a ajiye maka a gabanka! Bandar da ake kawowa daga Baga ko ba nama sai ta ɗaga miya. Hayaƙin nan shi ne daɗin.

Auta: Mutanen Sanigal fa haɗawa suke yi a cebbu jen, wato dafa-dukar shinkafa da kifinsu, ɗanye da busasshe tukunya ɗaya, har UNESCO ta sa shi a jerin kayan gado a 2021.

Hamma: Auta, wancan shinkafa ce. Mu tuwo muke magana.

Goggo: 'Ya'yan nan, ganyen za ku duba. Yakuwa tsaminta na kashe ƙarni, ɗanye ya zauna mata daram, musamman karfasa in an soya ta sama-sama. Zogale da taushe kuwa, mai kabewa da gyaɗa, banda suke so. Sai dai ke Adda, bandar taki ki riƙa ɓare ta kina dubawa. Wata tsutsa ce cike, wata kuma warin maganin ƙwari take.

Adda: Goggo, na ji ta yakuwa. Alayyahu dai ban sauka ba.

Amarya: To ranar Juma'a ku zo. Hamma, kifin Dadin Kowa a wuyanka.

Hamma: Kuɗin mota fa?