Fentin daɓen siminti a tsakar gida: abin da aka tattara

Jama'a, ga taƙaitawar shawarwarin da 'yan uwa suka bayar, saboda wanda bai samu bin maganar daga farko ba.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Sabon daɓe a bar shi ya kwana 28 kafin fenti ya taɓa shi.
2. A gwada danshi. A shimfiɗa leda, a manne gefunanta da salatif, a bari ta kwana. In an ɗaga an ga gumi a ƙasanta, ba a shirya ba.
3. A wanke tas, musamman inda man mota ya ɗiga, a toshe tsaguwa.
4. Kada a shafa da tsakar rana. Daɓe mai zafi yana busar da saman fentin kafin ya kama, sai ya yi ƙuraje ya ɓare. Da sassafe ko bayan la'asar, shafi biyu marasa kauri. A kauce wa damina da ranar da ƙurar hunturu ta taso.
5. Fentin epoxy, wato mai sheƙin nan da yake bushewa da tauri kamar roba, na cikin ɗaki ne, rana tana mayar da shi rawaya.

Inda aka rabu: wasu sun tsaya kan fentin akirilik na daɓe (irin wanda galibi ake sirkawa da ruwa), wasu kuma sun ce a haɗa jar hoda cikin simintin tun wajen daɓewa, don ba ta ɓarewa. Masu ajiye mota sun fi karkata nan, tunda taya mai zafi kan ɗago fenti. Ni ma ga jar hodar na karkata.

Kan launi ma ba a daidaita ba. Mai duhu yana ƙona tafin ƙafar yara a watan Afrilu, fari fat kuma yana kashe ido, shi ya sa da dama suka zaɓi ruwan ƙasa.