Hoton biki bayan magariba: 50mm ko 35mm?

Aminu Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum manyanmu. Kyamarata Canon 2000D ce, da lensin da ta zo da shi, 18-55mm. Hoton kamu da na walima bayan magariba duhu yake yi, in an ɗaga ISO (lambar da ke ƙara wa hoto haske) kuma sai yashi ya cika fuskar mutane. Wane lensi za a saya wanda ba zai karya aljihu ba?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Ƙofar hasken lensin ce ta yi ƙanƙanta. Da ka ja shi zuwa 55, ba ya buɗewa ya wuce f/5.6 (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar, ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa). Nemi Canon EF 50mm f/1.8 STM. A f/1.8 hasken da yake zubawa cikin kyamara ya kusa ninki goma na f/5.6, wato inda kake shan wahala da ISO 6400, sai ka sauko wajen 800. Ka tabbata STM ɗin ne (sunan irin injin fokos ɗinsa ke nan), na 2015, mai gindin ƙarfe. Tsohon mai lamba II gindinsa roba ne, yana ƙara in yana neman fokos, a duhu kuma yakan yi ta kai da kawowa.

Hajiya Bilki: Malam, a yi mashi bayanin ɗaki tukuna. Aminu, kyamararka mai ƙaramar sansa ce (farantin da ke karɓar hoto a ciki), don haka 50mm a kanta yana gani kamar 80mm a kan mai babbar sansa, wato yana matso da abu kusa. Fuska da kafaɗa, ko amarya daga ƙugu zuwa ɗaurin kai, babu kamarsa. Amma in za ka ɗauki mutum a tsaye tun daga takalmi har hula, sai ka ja baya kusan mita huɗu da rabi, kyamarar ma a tsaye. Ɗakin amarya nawa ne a cikin birni ke da wannan filin bayan an jera gado da kujeru? Bango za ka tarar a bayanka. Kada ka rabu da 18-55 ɗin, ko kuma ka haɗa da EF-S 24mm f/2.8 don hoton ƙawaye.

Malam Lawal: Gaskiyarki Hajiya.

Sagir Daura: Masu Nikon su saurara, nan ne ake yawan asara. 50mm f/1.8D ya fi araha, amma ba shi da injin fokos a cikinsa, jikin kyamara ne ke juya shi. D3100 har zuwa D3500, da jerin D5000, ba su da wannan injin, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu. Mai harafin G za a nema, AF-S 50mm f/1.8G. Ni dai ga mai irin waɗannan kyamarori 35mm f/1.8G DX nake fara ba shawara, don yana gani kamar 52mm, daga mita uku ya ɗauke mutum a tsaye.

Aminu Ƙofar Marusa: To in na saya, a f/1.8 zan bar shi kullum?

Malam Lawal: A'a, ɗana, nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki. A kyamararka, in mutum yana mita biyu, abin da zai fito tas a f/1.8 bai wuce kaurin santimita goma sha ɗaya ba. Ka matso mita ɗaya da rabi, ya koma kamar shida. Ango ya ɗan gaba da amarya da taku guda, sai ɗaya ya fito ɗaya ya dushe. Mutum ɗaya, sa f/2 ko f/2.2, lensin ma ya fi kaifi a nan. Mutum biyu, f/2.8, ka daidaita kafaɗunsu. Sahu biyu kuwa f/4 zuwa f/5.6, a nan sai an taimaka da filasha. Zaɓi ɗigon fokos guda ɗaya ka ɗora a idon da ya fi kusa da kai. In ka bar wa kyamara zaɓi, ƙyallin sarƙa ko aikin babbar riga za ta kama, ta bar fuskar.

Sagir Daura: A ƙara da cewa lensin ba ya rage rawar hannu. Kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/100 na daƙiƙa. Wannan lambar tana da wani amfanin: wutarmu 50Hz ce, ƙananan ƙwayayen fitila suna ƙyaftawa sau ɗari a daƙiƙa, in ka haura 1/250 sai ka ga hoto ɗaya da haske, na biye ya yi duhu ko ya sauya launi. A wutar janareta abin ya fi muni. Masu rawa ne kawai ke tilasta ka ɗaga.

Hajiya Bilki: Na hannu fa ake yawan samu, to a duba kafin a biya. Kunna fitilar waya ka haska ta baya kana leƙe ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, wa ya tsira da ita a hunturun Katsina? Amma in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, tana cin gilashin, ajiye shi. Sa f/8 ka ɗauki sararin sama sau biyar a jere, in wani ya fi wani haske, fikafikan ƙofar suna liƙewa. Sai ka jingina katin waya uku a kan tebur, kowane ya ɗan gaba da ɗan'uwansa, ka nufi na tsakiya a f/1.8. In na gaba ko na baya ne ya fito, fokos ɗin ya kauce, kuma 2000D ba ta da wurin gyara wannan.

Aminu Ƙofar Marusa: Wani ya ce in daure in sayi f/1.4.

Malam Lawal: Bambancin hasken bai kai ninki biyu ba, kuma EF 50mm f/1.4 USM bakinsa na bugun wani abu injin fokos ɗin ke cijewa. Rarar kuɗin ka sayi hular lensi ES-68 da 'yar robar hura iska. Bakin STM ɗin 49mm ne in za ka sa filta, amma cire ta da dare, ita ke jawo koren tabo in fitila ta shigo hoto.