Mai ba da shawara ne ko dillali?

Ɗan Fansho: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Na je wurin wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, ina so in zuba ɗan abin da na tara a asusun gidaje, irin wanda ake haɗa kuɗi a sayi gine-gine a riƙa raba kuɗin haya. Wai zai riƙa yankar kashi 1 cikin 100 duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Na buga lissafi, a shekara 20 kusan kashi 18 na dukiyar sun tafi. Waɗannan dillalan ba su da wani amfani, kowa ya saya da kansa.

Akanta: Baba, da girmanka, dillalai kuma? Dillali la'ada yake ci in ciniki ya faɗa. Wanda kai kake biya, kai yake yi wa aiki.

Hajiya Mai Haya: To wanda kamfanin asusun yake ba kamasho a bayan fage, ya zo yana ce maka shawara ce, me sunansa? Ai saboda haka Birtaniya ta hana su karɓar kamashon tun ƙarshen 2012.

Akanta: Hajiya, ai kin kawo mini hujja. An hana, ke nan yanzu ba dillalai ba ne.

Hajiya Mai Haya: A can aka hana, ɗana. Duniya ba Birtaniya ba ce.

Autan Zaure: Ni abin da ya dame ni, tun yaushe dillali ya zama zagi? Mahaifina da dillanci ya riƙe mu, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Akanta ka janye.

Akanta: Me na faɗa da zan janye? Baba ne ya kawo kalmar.

Injiniya: Don Allah a dawo kan magana. Asusun nan iri-iri ne. Akwai REIT, wato kamfanin gine-ginen haya da ake saye da sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari, Amurka ta kafa dokarsa a 1960, kuma dole ya raba wa masu hannun jari aƙalla kashi 90 na ribar da ake yi wa haraji. Irin wannan, mutum zai iya saya da kansa, sai dai farashinsa na hawa da sauka, a 2008 ya zube sosai. Akwai kuma wanda kamfanin ne yake mayar maka da kuɗinka in ka nema. A Yulin 2016, bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mutane suka yi rububin cire kuɗi, manyan asusu suka rufe ƙofa, don ba a sayar da bene a kwana ɗaya. An sake rufe su a Maris 2020. Wanda bai san bambancin nan ba, gara ya biya sau ɗaya a yi masa bayani, ba yanka duk shekara ba.

Hajiya Mai Haya: Waɗanda aka kulle wa kuɗi ai dillalan ne suka tura su ciki.

Akanta: Hujja?

Hajiya Mai Haya: Kowa ya sani. Kai ma faɗa mana, surukinka ba aikin da yake yi ba ke nan?

Akanta: Subhanallahi. Surukina ya shigo kuma?

Autan Zaure: Har yanzu ina jiran a janye.

Ɗan Fansho: Ni fa tambayata, in biya ko kar in biya?

Mai Kula da Zaure: An rufe wannan batu. A taƙaice, mafi rinjaye sun yarda ba a zuba jari a gidaje sai da ƙwararre, kamar yadda Injiniya ya tabbatar, kuma kashi 1 ba wani abu ba ne, ni kaina shi nake biya. Hajiya, a daina shigo da iyalan mutane.