Rinina yana zuba, a taimaka mini kafin jarrabawa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena masana rini. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Kano, ina karanta darasin tufafi da saƙa, kuma aikin hannun da za a ba mu maki a kai shi ne ɗauri da rini.

Sau uku ke nan ina yi yana lalacewa. Nakan wanke farin yadin, in ɗaɗɗaure shi da zare tamau, in narka soda da haidiros (sinadarin da ke sa rinin ya narke ya shiga yadi) a ruwan zafi, sannan in zuba garin rinin. Idan na tsoma yadin na tsamo shi, kore-kore yake fitowa, iska na bugunsa ya koma shuɗi, har raina ya yi daɗi. Amma ina ɗauraya, sai launin ya bi ruwa, ya bar yadin a koɗe.

Na ƙona bakin ƙyallen don gwaji: wani wuri ya yi toka, wani ya dunƙule kamar leda. Ko surkin roba ne ya hana shi kamawa? Ko haidiros ɗin ne ya sha iska? Kuma minti nawa ya kamata ya jiƙa?

Babanninmu na marinar Ƙofar Mata, don Allah ku sa baki. Yadi biyu kacal ya rage mini.